Me ya sa manhajar da ke daidaita kanta take sarƙewa idan aiki ya yi wa kwamfuta yawa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, ina aikin kammala karatu. Na rubuta manhaja da ke ɗaukar karatu a aji ko a majalisin tafsiri ta watsa shi kai tsaye, na kuma sa mata dabarar rage ingancin hoto idan ta ga ba ta cim ma aikin. Tana gudana a kan tsohuwar laftof mai Ubuntu, furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, mai kai huɗu da ke aiki a lokaci guda. Idan ita kaɗai ce, lafiya lau. Amma da zarar an fara kwafe bidiyon jiya zuwa wani faifai, ko an buɗe burauza, sai hoton ya riƙa hawa da sauka, murya tana yankewa. Na ba ta nice -20, wato lambar fifiko mafi ƙarfi ga ayyukan yau da kullum, ban ga canji ba. Na ba ta SCHED_FIFO 99, wato mataki mafi girma a ajin ayyukan gaggawa, sai laftof ɗin ta daskare. Yaya babbar manhajar kwamfutar, wato Linux, take raba furosesa, kuma me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'a. Idan na fahimce ka, tambayoyi biyu ne a ɗaure wuri guda: yadda Linux ke yanke shawarar wa zai hau furosesa yanzu, da kuma yadda manhaja mai iya rage kanta za ta zauna lafiya da wannan shawarar. Amsar a taƙaice ita ce manhajarka ba fifiko mafi girma take buƙata ba. Kaso take buƙata wanda ta san girmansa kuma ba ya canzawa a ƙarƙashinta, sannan ma'auni na gaskiya da zai gaya mata dalilin jinkirinta. Mai sayar da ƙanƙara a Sabon Gari ya fi son wutar awa shida da ya san lokacin zuwanta a kan ta awa goma da ake kawowa ana ɗaukewa, domin da ta farkon zai iya lissafin yawan ledar da zai sa. Haka manhajarka take.

Yadda ake rabon

Kowane kan furosesa abu ɗaya yake yi a lokaci guda, kamar injin markaɗe ɗaya da bokitai a jere. Kenel shi ne zuciyar Linux da ke sarrafa kayan kwamfuta, kuma sashensa da ke zaɓen bokitin da za a juye shi ne mai rabo. Abin da yake rabawa a tsakaninsu zaruruwa ne, wato ƙananan hanyoyin aiki da ke cikin kowace manhaja. Sauyawa daga wannan zare zuwa wancan tana da tsada, kamar ɗauraye inji tsakanin tattasai da wake: ana adana halin da zaren farko yake ciki, kuma bayanan da ya tara a ƙaramar ma'ajiyar furosesa sukan tafi, sai ya sake tattaro su idan ya dawo.

Ayyuka na yau da kullum suna ƙarƙashin rabon adalci. Daga kenel 2.6.23 na 2007 tsarin CFS na Ingo Molnár ne ke wannan aikin, sai aka maye gurbinsa da EEVDF a kenel 6.6 na 2023. Dukansu da nauyi suke aiki. Zaren da ke nice 0 nauyinsa 1024, na nice 19 nauyinsa 15, na nice -20 kuwa 88761, kuma kowane mataki ɗaya yana sauya nauyin da kusan ninki 1.25. Idan zare biyu suna takara a kai ɗaya, kowa ya sami lokaci gwargwadon nauyinsa. Ka lura da abin da wannan tsari bai sani ba: bai san cewa firem ɗinka, wato kowane hoto ɗaya a cikin jerin bidiyo, yana da wa'adi ba. A firem 30 cikin sakan, kowane firem yana da milisakan 33.3. Rabon adalci zai iya cika maka haƙƙinka a jimillar sakan guda, alhali a cikin sakan ɗin ka makara sau biyar. Kuma kason yana raguwa duk lokacin da wani sabon aiki ya shigo layi, ba tare da an sanar da kai ba.

A lissafi, nice -20 a gaban nice 0 ya kamata ya ba ka kusan kashi 99 cikin 100. Akwai dalilai biyu da suka fi yawan hana hakan. Na farko, nice yana aiki ne tsakanin 'yan gida ɗaya. A Linux na tebur akwai tsarin da ke haɗa ayyukan kowane zama na tamina, wato tagar rubuta umarni, a rukuni guda, ga kuma rukunonin da ake kira cgroup waɗanda systemd, mai kula da ayyukan Linux, ke kafawa. Ana fara raba furosesa tsakanin rukunoni, sannan a raba a cikin kowane rukuni. Idan ka tayar da manhajarka daga tamina ɗaya, kwafen bidiyo daga wata, to nice ɗinka bai taɓa mai kwafen ba. Duba /proc/sys/kernel/sched_autogroup_enabled, idan 1 ne to tsarin na farko a kunne yake. Dalili na biyu ya fi nauyi: mai yiwuwa ba furosesa ce ta yi ƙaranci ba. Kwafen bidiyo faifai yake ci da RAM, kuma nice ba ruwansa da zaren da ke tsaye yana jiran faifai ya karɓi rubutu.

SCHED_FIFO kuma wani aji ne daban, mai matakai daga 1 zuwa 99, wanda ke gaba da duk ayyukan rabon adalci. Zaren da ke cikinsa ba ya sauka sai ya gama, ko ya kwanta jira, ko wani mai mataki mafi girma ya zo. Manhajar matse bidiyo takan buɗe zaruruwa da yawa, kuma za ta cinye duk lokacin da aka ba ta. Da ka sa ta gaba ɗaya a 99, ka mamaye kawunan nan huɗu, ka hana masu zana allo, masu rubuta faifai da masu aika bayanai ta intanet, waɗanda ita kanta take dogaro da su. Kenel yana da birki: a saitin da aka saba, ayyukan wannan aji ba sa wuce milisakan 950 a kowane sakan. Milisakan 50 da suka rage su ne za su ba ka damar kashe aikin da kyar, amma ba za su isa kwamfuta ta ci gaba da aiki yadda ya kamata ba.

Ka fara auna kafin ka taɓa komai

Nan ne na fi son ka ɓata lokaci, don yawancin gyaran da ake yi a makance a nan yake lalacewa. A cikin manhajarka, ka auna kowane firem da agogo biyu. CLOCK_MONOTONIC zai ba ka lokacin da ya wuce a zahiri daga farkon aikin firem zuwa ƙarshensa. CLOCK_THREAD_CPUTIME_ID zai ba ka lokacin da zaren ya yi a kan furosesa kaɗai. Ka rubuta su duka biyun a fayil, kowane firem layi ɗaya. Sannan ka karanta /proc/PID/task/TID/schedstat (PID lambar manhajarka ce, TID ta zaren), lamba ta biyu a ciki ita ce jimillar lokacin da zaren ya yi a shirye yana jiran a ba shi furosesa, a nanosakan.

Da waɗannan ukun za ka raba cutar gida uku. Idan lokacin zahiri ya yi tsawo, lokacin furosesa bai canza ba, lambar jiran layi kuma tana hawa, to takara ce, kuma gyaran rabo zai taimaka. Idan lokacin zahiri ya yi tsawo amma lambar jiran layi ba ta motsa ba, zaren a kwance yake yana jiran faifai, ko intanet, ko wani makulli da ke hana zare biyu taɓa bayani ɗaya a lokaci guda, kuma duk fifikon duniya ba zai tashe shi ba. Idan kuwa lokacin furosesa kansa ne ya ƙaru alhali hoton da kamara ke gani bai canza ba, furosesar ce ta rage gudu.

Wannan na ukun ya shafe mu sosai a Zariya. Tsohuwar laftof da fankarta ta sha ƙurar hunturu, idan aka shiga zafin Maris da Afrilu a ɗakin da ba iska, za ta rage saurinta da kanta don kada ta ƙone. Haka idan aka ɗauke wuta ta koma batir, yawancinsu suna sauka zuwa ƙaramin gudu. Firem da ke cin milisakan 12 da safe a kan caji zai iya cin fiye da haka nesa ba kusa ba da azahar a kan batir. Don haka ka yi awonka a mafi munin yanayin da za a yi amfani da ita: da rana, a kan batir, bayan ta yi minti talatin tana aiki. Ka buɗe bayanta a hure ƙurar, a sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. Sau da yawa wannan kaɗai yana dawo da abin da ake nema a wajen mai rabo.

Kada ka dogara da matsakaicin lokaci. Ka jera lokutan firem dubu daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na 990. Shi ne abin da za ka gina lissafi a kai. Akwai kuma fayiloli uku a /proc/pressure/, wato cpu, memory da io, waɗanda suka shigo a kenel 4.20 na 2018. Suna nuna kashi nawa na lokaci ayyuka suka yi a tsaye saboda ƙarancin kowane ɗaya, a sakan 10, 60 da 300 da suka wuce. Ka fara kwafen bidiyon ka ga wanne ya tashi. Ina kyautata zaton io ne zai fara.

Gyaran da za ka yi, daga mai sauƙi

Ka fara da saukar da masu damun ka, ya fi ɗaga kanka aminci. Kwafen bidiyo ba shi da gaggawa. Ka gudanar da shi da chrt -i 0, wato ajin SCHED_IDLE da ke cin ragowar lokaci. Ka haɗa da ionice -c 3 don faifai, amma ka duba /sys/block/sda/queue/scheduler tukuna: idan none aka zaɓa, ionice ba zai yi komai ba, ya fi aiki da bfq. Idan da rsync kake kwafen, --bwlimit zai rage masa gudu kai tsaye, kuma shi ne mafi tabbas a cikinsu. Idan ajiyar tana tafiya ta layin intanet ɗin da kake watsawa a kai, ka dakatar da ita har a tashi daga karatu, domin layin aikawa na ƙaramin modem ba ya ɗaukar biyu.

Mataki na gaba shi ne rukunoni. Ka sa manhajarka a rukuninta da systemd-run, ka ba ta CPUWeight=1000 a inda kowa ke da 100, ka sa wa burauza da mai kwafe MemoryHigh don kada su tura shafukan manhajarka zuwa faifai. A cikin manhajar, mlockall yana kulle shafukanta a RAM. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne CPUQuota, wato cpu.max. Shi rufi ne, ba tabbacin kaso ba, kuma yana da tarko. A ce ka ba manhaja milisakan 50 a kowane 100. Idan tana da zare huɗu masu gudu tare a kai huɗu, za ta cinye kason cikin milisakan 12.5, sannan a tsayar da ita cak na 87.5. Firem biyu zuwa uku sun tafi ke nan a kowane zagaye, alhali furosesa tana zaune ba aiki. Za ka gane hakan idan nr_throttled na hawa a cpu.stat. Rufi na masu damun ka ne, kada ka ɗora shi a kan mai watsawa.

Sai murya. Aikin murya ƙarami ne amma wa'adinsa gajere: gutsuren samfur 256 a kan 48,000 cikin sakan milisakan 5.3 ne kacal. Wannan zaren shi kaɗai ya cancanci SCHED_FIFO, a matsakaicin mataki, ba 99 ba. Sharaɗinsa kada ya rubuta fayil, kada ya nemi sabon wuri a RAM, kada ya buga saƙo a allo. Ya karɓi sauti ya zuba a rumbun zobe, wato ƙaramar ma'ajiyar da ake cikawa ana zagayowa farko, ya koma barci. Ka sa masa RLIMIT_RTTIME don kenel ya tsayar da shi idan kuskure ya sa ya ƙi sauka. Idan dole ya raba makulli da zaren da ke ƙasa da shi, ka kafa makullin da PTHREAD_PRIO_INHERIT. Ba don haka ba, ƙaramin zare zai riƙe makulli, matsakaici ya hana shi gudu, babban ya tsaya yana jira. Wannan ce matsalar da ta riƙa sa kwamfutar kumbon Mars Pathfinder sake tashi a 1997, kuma da kunna gadon fifiko aka gyara ta daga nan duniya.

Abin da ya fi kusa da buƙatarka ta asali shi ne SCHED_DEADLINE, da ya shigo a kenel 3.14 na 2014. Kana faɗa wa kenel abu uku: lokacin da kake buƙata, wa'adin gamawa, da tsawon zagaye. A ce awonka ya nuna milisakan 12, sai ka nemi 14 a kowane 33.3, wato kashi 42 na kai ɗaya. Kenel yana fara gudanar da wanda wa'adinsa ya fi kusa. Liu da Layland sun nuna tun 1973 cewa a kan furosesa ɗaya wannan hanya tana cika dukkan wa'adi muddin jimillar buƙatu ba ta wuce kashi 100 ba, alhali tabbacin da tsayayyen fifiko ke bayarwa yana sauka zuwa kusan kashi 69 idan ayyuka suka yi yawa. An haɗa shi da dabarar da Abeni da Buttazzo suka fitar a 1998, wadda ke tsayar da duk zaren da ya cinye kasonsa har zagaye na gaba, don kada ya shiga haƙƙin wani. Idan ka nemi abin da babu, sched_setattr, wato kiran da ake neman kason da shi, zai dawo da saƙon ƙi na EBUSY. Wannan ƙin amsa ce mai amfani: manhaja ta sauka mataki ɗaya ta sake nema.

Yana da ƙa'idojinsa masu takura. Kason na zare ɗaya ne, ba na manhaja gaba ɗaya ba, don haka daga cikin lambar shirin za ka saita shi. Zaren da ke wannan aji ba ya iya haifar wani sai an sa masa alamar komawa aji na yau da kullum wajen haihuwa. Ba a ɗaure shi a kai ɗaya da taskset, sai an ware cpuset. A kan kai huɗu kuma, karɓar buƙatarka ba ta nufin ba za ka taɓa makara ba, tana nufin makarar tana da iyaka. Ga mai matse bidiyo da ke da zaruruwa da yawa a cikin laburaren da ba kai ka rubuta ba, ni zan tsaya a CPUWeight, in bar SCHED_DEADLINE wa zaren ɗaukar hoto daga kamara.

Gyaran dabarar daidaitawar kanta

Hawa da saukar da kake gani, rabinsa daga manhajarka yake. Ga yadda abin ke faruwa: ta makara, ta rage inganci, furosesa ta sami sarari, ta ga sarari ta ƙara inganci, ta sake makara. A lokaci guda kenel yana ganin aiki ya ragu ya rage saurin furosesa, ya ga ya ƙaru ya ƙara. Direba biyu ne a mota ɗaya kowa yana gyara sitiyari bayan ɗan'uwansa. Maganin shi ne ɗaya ya tsaya cak, ɗayan ya yi a hankali. A lokacin watsawa ka sa gwamnan gudu, wato saitin da ke zaɓar saurin furosesa, a performance idan zafi ya bari, ka tsayar da kasonka, sannan manhaja ta daidaita kanta a cikin wannan kason.

Ka yi mata matakai ƙididdigaggu, huɗu ko biyar, kuma ka san tsadar kowanne. Hoton 1920 da 1080 yana da ɗigo 2,073,600. Na 1280 da 720 yana da 921,600. Hawa daga na biyu zuwa na farko ninki 2.25 ne na ɗigo, kuma aikin matsewa yakan bi sawun haka. A nan mutane da yawa ke kuskure. Suna cewa idan firem yana cin rabin wa'adinsa, akwai sarari, a hau. To rabin 33.3 shi ne 16.6, a ninka da 2.25 ya zama 37, ka riga ka wuce wa'adi tun kafin ka fara. Idan iyakar da ka yarda da ita milisakan 26 ce, kada a hau sai firem yana cin ƙasa da 11.5 a matakin da ake. Ƙa'idar hawa daga tsadar matakin da za a je ake fitar da ita, ba daga sararin da ake gani yanzu ba.

Sauka ta zama da sauri, hawa da jinkiri. Wurin farawa mai kyau: idan firem 10 cikin 60 na baya sun wuce iyaka, a sauka nan take. Kada a hau sai an yi sakan 30 cur a ƙarƙashin ƙa'idar hawa. Idan aka hau sannan aka faɗo cikin ɗan lokaci, a ninka jiran zuwa 60, sannan 120. Waɗannan lambobi na farawa ne, awon laftof ɗinka ne zai daidaita su. Alama mafi kyau da za ta kalla ita ce cikar layin da ke tsakanin kamara da mai matsewa. Ka taƙaita shi zuwa firem uku ko huɗu, idan ya cika a jefar da mafi tsufa. Layi marar iyaka yana ɓoye matsalar ne kawai, har hoto ya koma sakan goma a bayan murya RAM kuma ta cika. Ka kuma bambanta layin mai matsewa da layin aikawa: idan na aikawa ne ya cika, yawan bayanan da ake turawa za a rage, don rage aikin furosesa ba zai faɗaɗa layin intanet ba.

Me za a fara sadaukarwa? Wannan shawara ce da kenel ba zai iya yanke maka ba, sai wanda ya san abin da ake watsawa. A karatu, malam yana zaune ko yana rubutu a allo. Mai kallo zai jure firem 15 cikin sakan, amma ba zai jure rubutun da ba ya karantuwa ba, balle ayar da ta yanke a tsakiya. Don haka jerin saukarka ya fara da sassauta matsewar, misali daga veryfast zuwa superfast idan da manhajar matsewa ta x264 kake amfani, sai rage yawan firem, sai girman hoto a ƙarshe. Murya ba ta cikin jerin ko kaɗan. Mataki na ƙasa duka ya zama murya da hoto ɗaya tsayayye.

Iyakar abin da wannan zai yi

Duk wannan rage makara yake yi, ba kawar da ita ba. Linux na tebur ba ya ba da tabbaci irin na na'urar asibiti, ko da PREEMPT_RT da aka shigar cikin babban kenel a 6.12 na 2024, wanda jinkirin farkawa yake gyarawa, ba ya ƙara wa furosesa ƙarfi. Kawunan nan huɗu kuma suna raba babbar ma'ajiya da hanyar RAM, ta yadda aikin da ke wani kai zai iya rage maka gudu ba tare da ya taɓa kasonka ba. Ka duba da lscpu ma, domin tsofaffin laftof da yawa da ke nuna huɗu a zahiri kai biyu ne, kowanne da zare biyu. Idan furosesarka Intel ce mai sashen matse bidiyo a jikinta, gwada shi ta VA-API, zai sauke mafi yawan nauyin daga kawunan gaba ɗaya.

Don rahoton aikinka, ka yi gwaji huɗu a kan bidiyo ɗaya da ka naɗa, kowanne minti goma, tare da kwafe iri ɗaya a gefe: ba gyara, da saukar da mai kwafe kaɗai, da ƙarin CPUWeight da zaren murya, sannan da sabuwar dabarar hawa da sauka. A kowanne ka ƙirga firem nawa suka makara, sau nawa aka sauya mataki, da sau nawa rumbun murya ya ƙare. Ka rubuta zafin furosesa da ko a kan caji take ko batir a gefen kowane sakamako, domin in ba haka ba lambobin safe da na rana ba za su kwatantu ba.